Na'ura ta San Wuri, Wa Ya San Hanya?

A gaɓar tekunan Turai da Amurka, da sauran ƙasashen da abin hannu ya wadata, akwai ɗimbin mutane waɗanda ba su gaji su ba, ba su gaji fatauci ba, amma ranar hutu sukan kwance ɗan jirginsu na ruwa su shiga teku, wasu kuma su tayar da ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu ko huɗu su keta hazo, don nishaɗi kurum. A cikinsu akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai ɗan kasuwar da ya aje aiki. A da, duk wanda wannan sha'awa ta kama tilas ya zauna ya koyi karatun taswira da kamfas, ya iya lissafin gudu da lokaci, ya san yadda iska da igiyar ruwa ke karkatar da jirgi daga inda aka nufa da shi. A yau ɗan allo mai faɗin tafin hannu ya ishe shi: ga taswira, ga ɗigon da ke nuna jirginsa, ga layin da zai bi har masauki. Wannan sauƙi ne ya haifar da tambayar da ta shafi kowa, har wanda bai taɓa ganin teku ba. Idan na'ura ta ɗauke wa mutum wahalar sanin inda yake, me ya rage a wuyansa? Idan kuma tafiya ta ɓaci, wa za a tuhuma?

Yadda abin yake aiki

Tsarin da duniya ta fi sani, wato GPS, ma'aikatar tsaron Amurka ce ta aza harsashinsa a 1973. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka kuma bayyana cikarsa a 1995 da taurarin ɗan Adam 24, waɗanda ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaye duniya sau biyu a yini. Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai matuƙar daidaito, yana kuma aiko da saƙon da ke faɗin inda yake da lokacin da saƙon ya taso. Na'urar da ke cikin jirgi takan auna jinkirin isowar saƙon daga taurari huɗu a ƙalla, daga nan ta fitar da matsayinta. Da yake saƙon na gudu da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan guda, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yakan zama kuskuren mita 300 a ƙasa. Ashe ɗigon nan da matuƙi ke kallo sakamakon lissafi ne, lissafi kuwa ingancinsa na rataye da abin da aka zuba masa.

Don soja aka ƙera shi tun farko. A ranar 1 ga Satumba 1983 wani jirgin fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce hanya ya shiga sararin Tarayyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 suka halaka. Bayan haka ne shugaba Ronald Reagan ya yi alkawarin buɗe tsarin ga farar hula. Duk da haka, shekara da shekaru ana dagula saƙon da gangan, ta yadda kuskurensa kan kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Daga baya Rasha ta farfaɗo da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai ta soma aiki da Galileo a 2016, Sin ta kammala BeiDou a 2020.

Adalci ne a faɗi alherinsa kafin a faɗi aibinsa. Matuƙin da hazo ya rufe a bakin tashar ruwa mai duwatsu, wanda a da sai ya yi ta lalube, yau yana iya shiga lami lafiya. Akwai kuma tsarin ceto na taurari mai suna Cospas-Sarsat, wanda Faransa da Kanada da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kafa, ya yi cetonsa na farko a 1982, lokacin da aka gano wani ƙaramin jirgin sama da ya faɗi a dajin Kanada. Tun daga nan ya zama sanadin tsirar dubban rayuka. Duk wanda ya ce a koma zamanin lalube bai san darajar rai ba.

Jirage uku da abin da ya same su

A ranar 9 ga Yuni 1995 jirgin yawon shaƙatawa mai suna Royal Majesty ya bar tsibirin Bamuda zuwa Boston da mutum sama da 1,500. Jim kaɗan da tashinsa wayar eriyar GPS ta cire. Na'urar ba ta mutu ba, sai ta koma ƙiyasi da gudu da alƙibla, ta kuma rubuta wasu ƙananan haruffa a allo don sanar da haka. Babu wanda ya lura. Fiye da sa'a 30 jirgin na tafiya, iska da igiyar ruwa na tura shi yamma sannu a hankali, allon kuwa na nuna yana kan hanya. Masu gadi sun ga fitilun da bai kamata a gani a wurin ba, sun ga launin ruwa ya sauya, amma jami'an tuƙi suka gaskata allo. Cikin daren 10 ga wata jirgin ya kafe a tudun rairayi kusa da tsibirin Nantucket, kimanin kilomita 30 daga inda suke tsammanin suke. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba.

A watan Afrilu na 2012 wani ƙaramin jirgin nishaɗi mai suna Aegean ya shiga tseren da ake yi daga Newport a Kalifoniya zuwa Ensenada a Meziko, da mutum huɗu a ciki. Cikin dare ya daki tsibirin Coronado na arewa, dukansu suka mutu. Na'urar bin sawu ta nuna jirgin ya miƙe sambal har ya shiga dutse, bai waiga dama ko hagu ba. Kwamitin bincike ya karkata ga cewa an saita alƙibla zuwa masauki, miƙaƙƙen layin ya ratsa ta kan tsibirin, ba a kuma sa ido yadda ya kamata ba. A nan na'ura ba ta yi ƙarya ko kaɗan ba. An ce ta nufi wuri kaza, ta nufa.

A ranar 29 ga Nuwamba 2014 kuma, cikin tseren kewaya duniya na Volvo Ocean Race, jirgin Vestas Wind ya hau duwatsun murjani na Cargados Carajos a tekun Indiya, arewa maso gabas da tsibirin Moris. Mutum tara ne a ciki, ƙwararrun ƙwararru, duk sun tsira. GPS ɗinsu na aiki daidai. Abin da ya faru shi ne, taswirar allo ba ta bayyana duwatsun sai an matso da hoton kusa, ba a kuwa matso da shi isasshe ba, alhali a kan taswirar takarda wurin a fili yake.

A jirgi na farko na'ura ta kuskure aka bi ta, a na biyu ta yi abin da aka umarce ta, a na uku ta faɗi gaskiya amma ba duka ba. Abu guda ya haɗa su: an daina dubawa waje, an daina tambaya.

Darasin sama

Wani zai ce, to, ai maganin abin shi ne mutum ya gaskata idonsa da jikinsa. Sararin sama ya ƙaryata wannan hukunci na gaggawa. Matuƙin da ya shiga gajimare ko duhun dare bisa teku, inda ba ya ganin gaɓar da sama ta haɗu da ƙasa, kunnensa na ciki, wanda shi ne ma'aunin daidaiton jiki, yakan yaudare shi, ya ji kamar jirgi na tafiya daidai alhali ya karkata yana gangarawa. A 1954 masu bincike a Jami'ar Illinois sun gwada matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'urori kaɗai ba, aka tsare musu ganin waje. A matsakaici, cikin sakan 178 jirgi ya kuɓuce musu, wato ƙasa da minti uku. Irin haka ne hukumar bincike ta ce ya sami John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a daren 16 ga Yuli 1999, lokacin da ƙaramin jirginsa ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, da shi da matarsa da ƴar'uwarta. Sanin inda mutum yake bisa taswira bai gaya masa ina ne sama ina ne ƙasa ba. A irin wannan hali tsira na ga wanda ya ƙaryata jikinsa ya gaskata ma'aunin karkatar jirgi, hakan kuwa sai da horo mai tsawo.

Ke nan jami'an Royal Majesty sun ɓata don sun gaskata allo sun ƙi ido, matuƙin dare kuma yakan halaka don ya gaskata jiki ya ƙi ma'auni. Matuƙi kamar alƙali yake, shaidu na zuwa gabansa: tauraro, kamfas, zurfin ruwa, launin teku, fitilar gaɓa, agogo, jikinsa. Kowane shaida na da inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Alƙalin kirki ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya komai amincinsa, idan kuma shaidu biyu suka saɓa sai ya dakata ya bincika. Haɗarin na'urar zamani yana cikin yawan gaskiyarta: shaidan da ya faɗi gaskiya sau dubu a jere yakan sa alƙali ya sallami sauran, ranar da ya kuskure kuwa babu mai tashi ya ce a'a. Tun a 1997 wani malamin matuƙa na kamfanin American Airlines, kyaftin Warren Vanderburgh, ya gargaɗi abokan aikinsa a kan wannan, har ya laƙaba musu sunan ƴaƴan layin allo, saboda layin nan mai launi tsakanin ja da shunayya da suke bi ido rufe.

Sanin wuri da sanin hanya

Mutanen wannan ƙasa ba baƙin wannan magana ba ne, domin Tenere ma teku ce, ta rairayi. Madugun ayarin gishiri da ke ratsawa daga ƙasar Agadas zuwa Fashi da Bilma, tafiyar kusan kilomita 600, ba zai iya faɗin lambobin matsayinsa bisa taswira ba. Amma ya san tauraron da zai sa a kafaɗarsa da dare, ya san yadda iska ke kwantar da tuddai, ya san kwana nawa ruwan salka zai kai, ya san raƙumin da ya soma gajiya. Saninsa ya haɗa inda aka fito da inda za a je da abin da ke tsakani. Wannan shi ne sanin hanya. Na'ura kuwa tana ba da sanin wuri, ɗigo ɗaya a lokaci ɗaya, daidai ƙwarai, amma tsirara. Shi ya sa aka ce madugu uban tafiya: wanda aka kira uba, rayukan ayari na wuyansa.

Akwai wani dacen tarihi mai sa tunani. Itacen Tenere, ƙwaya ɗaya tak cikin ɗaruruwan kilomita, wanda ayari ke nufa saboda rijiyar da ke gefensa, a 1973 ne wani direban babbar mota ya banke shi, shekarar da aka soma shirin GPS. Gangar jikinsa na aje a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Wanda ya iya karo da itace ɗaya tilo a fili fetal ya nuna cewa rashin lura ya girmi kowace na'ura.

Can a tekun Pasifik ma an yi irin waɗannan madugai. A 1976 Mau Piailug, mutumin ɗan tsibirin Satawal, ya ja kwalekwalen Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, kimanin kilomita 4,000, cikin wata guda da ƴan kwanaki, ba kamfas ba taswira, sai taurari da salon igiyar ruwa da tsuntsaye. Ya yarda ya koyar da baƙi ne don yana tsoron kada ilimin ya bi tsofaffi kabari.

Hujjar masu musu

Mai musu na da abin cewa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Kowane kayan aiki sabo ne wata rana, kowanne kuma an yi masa kukan zai kashe wata baiwa. Aflatun da kansa ya kawo damuwar cewa rubutu zai raunana hadda. A 1707 jiragen yaƙin Ingila huɗu sun tarwatse a duwatsun Scilly saboda rashin sanin matsayinsu, sama da mutum 1,400 suka nutse. Wannan na cikin abin da ya sa majalisar ƙasar ta sa ladar fam 20,000 a 1714 ga wanda zai warware matsalar, har John Harrison ya ƙera agogon tekunsa. Ba wanda ya ce agogon Harrison ya lalata matuƙa. Me zai sa a ce haka game da GPS?

Bambanci biyu ne. Na farko, mai aiki da agogo da ma'aunin tsayin taurari shi ke yin lissafin da hannunsa, don haka ya san inda kuskure ke iya shiga, yana kuma ɗaukar sakamakonsa da ɗan shakka. Mai allo amsa kawai ake miƙo masa, a goge tas, babu alamar shakka a fuskarta. Na biyu, agogo na cikin jirgi, taurarin Allah kuma ba mai iya kashe su, amma saƙon GPS na hannun wasu, yana kuma isowa ƙasa da rauni ƙwarai, ta yadda ake iya toshe shi ko a aiko da na jabu. A 2024 kamfanin Finnair ya dakatar da zuwa birnin Tartu na Istoniya tsawon wata guda saboda dagula saƙon da ake yi a yankin Baltik. Makarantar sojan ruwa ta Amurka, ƙasar da ta mallaki tsarin, ta maido da koyar da tuƙi da taurari a 2015 bayan ta jingine shi shekaru. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Idan mai zane da kansa ya tanadi wani a gefe, ina ga mai aro?

Abin da ya keɓanci mai nishaɗi

Matuƙin jirgin kaya yana da uzuri idan ya nemi hanya mafi sauƙi, domin isa shi ne aikinsa. Mai nishaɗi kuwa babu abin da ke jiransa a wancan gefe. Ya bar gidansa ne don ya haɗu da ruwa da iska, ya gwada hankalinsa da su. Idan ya ƙare yini yana kallon allo, ya biya kuɗi mai yawa don ya rasa abin da ya fito nema. Wasu sun gane haka har suka ƙirƙiri tseren Golden Globe na 2018, inda mutum ɗaya ke kewaya duniya da kayan tuƙi irin na 1968. Bafaranshe Jean-Luc Van Den Heede ne ya ci, yana da shekara 73, bayan kwana 211 a teku. Abin lura shi ne, kowane jirgi na ɗauke da GPS a cikin akwati mai hatimi, wanda ake fasawa idan rai ya shiga haɗari. Sun bar sauƙi don ilimi, amma ba su bar tsira don alfahari ba, wannan kuwa ma'auni ne mai kyau.

Sai dai nauyin da ya fi girma shi ne na rayukan wasu. Sauƙin na'ura yakan ba sabon shiga ƙarfin halin da iliminsa bai kai ba, ya fita a yanayin da tsohon matuƙi zai ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ba shi kaɗai yake fita ba, akwai iyali da abokai da suka hau don sun amince da shi. Idan kuma ya danna maɓallin neman ceto, waɗanda za su bar barcinsu su shiga guguwa, a Faransa da Ingila, akasarinsu ƴan sa kai ne na ƙungiyoyin SNSM da RNLI, ta farko an kafa ta a 1967, ta biyu tun 1824. Kasadar da ya ɗauka don jin daɗinsa wani ne zai biya ta, wata ƙila da ransa. Dokar ƙasa da ƙasa ta hana karo a teku, ta 1972, ta wajabta wa kowane jirgi, babba ko ƙarami, sa ido da kunne a kowane lokaci, har yau kuma wannan wajibi na nan duk da taurarin da aka harba. Masu dokar sun fahimci cewa ana iya wakilta na'ura ta yi lissafi, amma amana ba ta wakiltuwa, domin amana sai ga wanda za a iya tambaya.

Kammalawa

Malamin da ke aji ya san wannan matsala ko da bai taɓa hawa jirgi ba. Ɗalibin da ya danna na'urar lissafi ta ce masa 12 sau 12 ya zama 1,440, ya kuwa kwafa bai ji komai ba, shi ne jami'in Royal Majesty a ƙuruciyarsa. Hana shi na'ura ba zai gyara shi ba. Abin da yake bukata shi ne ƙiyasin kai wanda zai sa ya ji amsar ta yi masa nauyi, irin abin da ake nufi da ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Matuƙan kirki haka suke yi har yanzu: suna kunna allo, suna kuma rubuta matsayinsu a takarda lokaci lokaci, su dubi zurfin ruwa, su ɗaga kai su nemi fitilar da taswira ta ce za a gani. Idan ba su gan ta ba, sai su rage gudu su tambayi kansu dalili, domin matambayi ba ya ɓata. Wanda ya riƙe wannan ɗabi'a, taurarin ɗan Adam sun zame masa bara mai amfani. Wanda ya sake ta kuwa, ko da hannunsa na kan sitiyari, fasinja ne a cikin jirgin da babu matuƙi.